Jeren Babana

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta, da ku da aka riga aka sa wa rana kuna kwana kuna tashi da lissafin kwanuka. Ku matso kusa, yau labarin kaina zan ba ku.

Duk baƙuwar da ta shigo ɗakina, in dai idonta ya kai kan kabet, sai ta yi mini tambaya ɗaya: "Hajiya, kayan wasan jikoki ne kika ɗora har gaban tangaran?" Nakan ce mata a'a, nawa ne. Sai ta kwashe da dariya, tana zaton zolaya nake yi. Mace mai jika, wai tana tara 'yan motocin ƙarfe waɗanda ba su cika tafin hannu ba! Ni kuwa ba na jin haushi ko kaɗan, domin dariyar nan da ake yi mini, ni ma na yi wa mahaifina irinta, har ma da wadda ta fi ta ciwo.

Babanmu direba ne. A Fagge aka haife ni cikin 1976, na buɗe ido na tarar da shi yana jan Fijo tsakanin Kano da Kaduna, ya fita da asuba, wani lokaci sai bayan isha'i mu ji ƙarar motarsa a ƙofar gida. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya shan taba, goro ma sai in an miƙa masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Abu ɗaya ne ya raba shi da sauran direbobin unguwarmu. A ɗakinsa akwai wani kabet mai gilashi, hawa huɗu, wanda ya sa wani kafinta ya yi masa, da ɗan kwaɗo a jiki, makullin kuma yana tare da na mota. Abin da ke ciki ƙananan motoci ne na ƙarfe, guda 63. Na san yawansu sarai, don na sha ƙirga su ta bayan gilashi.

Ke 'yar uwa, kada ki ɗauka irin motar robar nan ce da ake sayo wa yaro da sallah ya farfasa kafin la'asar. Kowace ɗaya kwaikwayon wata mota ce ta gaske, da fitilunta da bambarta da sitiyarinta, wasu har ƙofa da bonet suna buɗewa. Akwai Basuwaja, wadda muke ce wa kunkuru. Akwai Land Rover mai ruwan ganye, da Marsandi, da manyan motocin Bedford, da motar kashe gobara da tsaninta, da jar bas ɗin Landan mai bene. A hawa na sama kuwa, a tsakiya, nan Fijo 404 da 504 suke zaune kamar amarya da uwargida da suka yi sulhu.

Ba wanda ya ɗauki abin da daraja a gidanmu. Goggo, yayarsa, duk zuwan da za ta yi sai ta leƙa ɗakin ta riƙe haɓa ta ce, "Kai dai ba ka girma ba. Sa'anninka suna tara filaye, kai kana tara motar da ko ƙuda ba za ta ɗauka ba." Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya ke nan." Inna ba ta faɗa a gabansa, amma in ya dawo da sabuwa a aljihu sai ta yi ƙwafa a madafi, ta ce ga kuɗin cefanen kwana biyu can an kulle a gilashi. Abin mamaki, ita kanta Innar tana da jeren tasoshi da fantekoki tun na aurenta, wanda ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba, duk wata sai ta sauke ta goge ta mayar. Ba wanda ya taɓa ce mata ba ta girma ba. Ni ma a lokacin ban ga haɗin abin biyu ba, sai da shekaru suka ja.

Yadda abin ya samo asali, kafin ya yi aure Baba ya yi wa wani Bature tuƙi a Kaduna, injiniya ne a ɗaya daga masaƙun Kakuri. Baturen yana da ɗa ɗan shekara bakwai ko takwas, Baba ne mai kai shi makaranta ya ɗauko shi, kullum yana gidan gaba yana zuba masa surutu. Ranar da za su koma Ingila, cikin 1969, yaron nan ya yi ta kuka a filin jirgi, ya zaro wata 'yar mota mai ruwan zinariya daga aljihun wandonsa ya damƙa wa Baba. Ita ce ta fari. Sauran ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, wasu sababbi a manyan kantuna irin su Leventis, wasu a wurin masu gwanjon kayan Turawan da suka tashi, wasu kuma abokan aikinsa masu zuwa Kwatano da Yamai ne suke kawo masa, suna yi masa tsiya suna karɓar kuɗinsu.

Ranar Juma'a ba ya fita aiki. In an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya shimfiɗa wani tsohon rawani a kan tabarma, ya buɗe kabet. Ranar ce kaɗai ake barinmu mu shiga, mu zauna mu naɗe hannu. Ƙannena maza, waɗanda suke wuni a waje suna ƙera motar kara da ta langa-langa, sai su yi ta haɗiyar yawu. Da gashin kaza yake share ƙura, ɗaya bayan ɗaya, ba ya yarda ruwa ya taɓa su, ba ya kuma barin rana ta haska kabet ɗin, don ya ce rana tana kashe fenti, zafi kuma yana busar da tayoyin roba su tsattsage. In hunturu ya shigo har tsumma yake cusawa a bakin gilashin. Kwalayen da motocin suka zo a ciki kuwa suna cikin wata adaka a ƙarƙashin gado, da ƙwayoyin kafur saboda gara da kyankyaso. Wata rana Inna ta ɗauki uku ta hura wuta da su, kwana biyu bai ci tuwonta ba. Ita ta ɗauka kwali kwali ne. Ashe a wurin masu wannan sha'awa, mota da kwalinta na asali takan ninka wadda ba ta da shi a kuɗi.

A kan tabarmar nan na fara jin daɗin lissafi, abin da malaminmu ya kasa sa mini da bulala. Baba ya ɗauki 504 ya kifa ta a tafinsa ya ce, "Uwata, wannan ɗaya bisa arba'in da uku ce. Kin san ma'anarsa?" Na girgiza kai. Ya ce, "In kika jera irinta 43, hanci da wutsiya, to sun yi tsawon ta gaske cif." Ban yarda ba. Sai ya kama hannuna muka je gidan wani maƙwabcinmu mai 504 ƙarama, ya ba ni awon tela na auna, ta kusa mita huɗu da rabi. Muka dawo na auna 'yar tasa, santimita goma da 'yan kai. Ya ce in raba in gani. Wallahi ranar har da tsalle na yi. Daga nan na gane dalilin da ya sa ba ya haɗa su a hawa ɗaya. Su Dinky da Corgi da Solido, masu girman nan, suna sama. 'Yan Matchbox kuwa suna ƙasa su kaɗai, domin su ba su da ma'auni ɗaya, kowace an yi ta ne daidai kwalinta, sai ki ga bas da kunkuru tsawonsu guda. Baba yakan ce, "Ina aka taɓa ganin akuya ta yi kai ɗaya da raƙumi?" Amma duk da haka yana son su.

Sai da na girma na karanta tarihinsu, na ga ashe abin da Baba yake yi a ɗakinsa na Fagge, dubban manyan mutane suna yin sa a duniya, har da kasuwarsu da gwanjonsu. Dinky ita ce babbar yaya. Kamfanin Meccano na birnin Liverpool ne ya fara yin ta cikin 1934, da farko don a ƙawata jirgin ƙasan wasa da ita, daga ma'aunin jiragen nan ne ma aka gaji 1:43. Suna da reshe a Faransa, shi ne ya ƙera Fijo ɗin Baba. Corgi ta fito cikin 1956 daga yankin Wales, abin da ta yi taƙama da shi kuwa tagogi ne, don kafin ita motocin ramuka kawai gare su a wurin gilashi. Labarin Matchbox ya fi ba ni sha'awa, tunda 'ya mace ce sanadi. Wani injiniya mai suna Jack Odell, na kamfanin Lesney a Landan, makarantar 'yarsa ta kafa doka cewa ba a zuwa da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba. Sai ya ƙera mata 'yar motar daɓe titi da ta shige kwalin ashana. Daga nan aka fara sayar da su cikin 1953, sunan ma ma'anarsa ke nan, kwalin ashana. Dukkansu da tutiya ake yin su, a gauraya da ɗan alminiyum, a narka, a ɗura cikin mazubi da ƙarfi, shi ya sa za ki ji su da nauyi da sanyi a hannu.

To, bari in koma kan mai ruwan zinariyar nan, don a kanta na yi laifina na farko. Corgi ce, Aston Martin DB5, kwaikwayon motar James Bond ta cikin fim ɗin Goldfinger na 1964, ita kuma aka fito da ita cikin 1965. Ta fim ɗin ruwan azurfa ce, amma 'yar ƙaramar sai aka yi mata ruwan zinariya. Tana da abubuwan al'ajabi. Ki danna nan, 'yan bindigogi su leƙo ta gaba. Ki danna can, wani allo ya taso a baya wai maganin harsashi. Babban abin shi ne wani ɗan madanni a gefe, in aka taɓa shi sai rufin ya buɗe, kujerar gefen direba ta yi tsalle ta cilla wani ɗan mutum-mutumin roba sama. Kamfanin ya san halin yara, yakan saka na biyu a kwali, amma ɗan Baturen ya riga ya ɓatar da ɗaya tun kafin ta zo hannun Baba. Saura ɗaya tak. Sau ɗaya Baba yake danna mana a Juma'a, a kan rawani, ya tare da hannu.

Ina 'yar shekara tara, cikin damina, Baba ya kwanta zazzaɓi, ya bar makulli a kan taga. Shaiɗan ya ja ni. Na buɗe kabet a hankali na ɗauko ta na fito tsakar gida, ina son in nuna wa wata ƙawata. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, tsakar gida tana ta malala. Na danna. Ɗan mutumin nan ya yi sama, ya faɗo cikin ruwa, muna kallo ya bi rariya ya fice. Gabana ya yanke ya faɗi. Na fita da gudu ba ko mayafi, na yi ta laluben kwata da hannu har magariba, ban samu komai ba sai ƙazanta. Na mayar da motar na rufe rufinta na yi shiru.

Juma'a ta zagayo. Baba ya danna, kujera ta yi tsalle ba kowa. Ya duba ƙasa, ya duba cikin kabet, sannan ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai hawaye suka tona ni. Na jira mari, bai zo ba. Cewa kawai ya yi, "Uwata, da kin tambaye ni ai da na danna miki." Ya rufe kabet. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi, wallahi.

Shekaru suka tafi. Tun daga 1986, da gwamnati ta kawo tsarin nan na tsuke bakin aljihu, naira ta yi ta faɗuwa, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. Baba ya daina ƙaro motoci, ta gasken ma da ƙyar yake riƙe ta. Fijo 504 ce mai kujeru layi uku, haɗin Kaduna, inda aka fara harhaɗa Fijo cikin 1975, kuma yana alfahari da hakan kamar shi ya ɗaura mata taya. Cikin 1994 aka sa mini rana. Saura wata biyu biki injinta ya buga a hanyar Zariya, ta koma gareji ta zauna, ɗan abin da ya tara don kayan ɗakina rabi ya tafi wurin bakanike, motar kuma ba ta tashi ba.

'Yan matan yanzu ba za ku san yadda samira ta yi tashe ba. A lokacinmu, amaryar da ba a jera mata samira ba, kamar ba a yi mata komai ba ne. Ƙawata da aka yi bikinta kafin nawa, seti uku aka jera mata, ga gadon fomeka da kabet ɗinsa, ga kujerun kushin. Ni kuwa Inna ta ce mini seti ɗaya za a samu, a cika da tasoshinta na da. Ranar na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Na zauna a tsakar gida na ɓare baki, ina cewa za a kai ni gidan da akwai facaloli uku a yi mini gori har in mutu. Inna tana cewa in rage murya, ni kuwa sai ƙara ɗagawa nake yi. Har na ce, "Mutum ya tara kayan wasan yara a gilashi, 'yarsa kuma za ta tafi gidan miji da tsofaffin kwanuka!" Ban san ya dawo daga gareji ba. Sai tarinsa na ji a zaure. Bai shigo ba, ya juya ya fita.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Bayan mako guda sai ga kaya a kura, gado da katifa da kabet, ga samira seti uku cikin kwalayensu. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa murna ta hana ni tambayar inda kuɗi suka fito. Ko in ce ban so in sani ba, wannan ya fi kusa da gaskiya. Ɗakinsa kuma tun daga ranar yake a kulle, na ce a raina hidimar biki ce.

Aka yi biki, 'yan jere suka yi aikinsu, dangin miji suka shigo suka yi ta yabawa, facalolin da nake tsoro ma ba wadda ta ce uffan. Kwana uku da tarewa, na sauke samira zan goge. Da na zo kan 'yar autar cikinsu sai na ji wani abu yana motsi a ciki. Na buɗe murfi. Wani ƙyalle ne, yankin tsohon rawanin nan, an naɗe wani abu da shi. Tun kafin in warware jikina ya yi sanyi. Mai ruwan zinariya ce.

Ƙanina ne ya ba ni sauran labarin da ya kawo mini abincin gara. Akwai wani ɗan Labanan mai shagon yadi a Kantin Kwari, shi ma mai wannan sha'awar ne, ya shekara da shekaru yana bin Baba ya sayar masa, Baba yana ƙi. Shi Baba ya je ya samu da ƙafarsa. Mutumin ya zo da daddare, ya zauna a kan tabarma, ya riƙa ɗaukar kowace yana kifawa yana karanta ƙasanta, yana tambayar kwalinta. Ƙanina ne ya riƙe musu fitila. Ya ce Baba da kansa ya riƙa saka kowace a kwalinta yana rufewa, bai ce komai ba, sai da aka zo kan 504 ya ɗan riƙe ta jim kaɗan. Da aka zo kan ta zinariya, mutumin ya danna, ya ga kujera ba kowa, ga fenti ya ɗan kankare tun a hannun ɗan Bature, ga ba kwali, sai ya taya ta da arha. Baba ya miƙa hannu ya karɓe abarsa ya ce, "Bar wannan, tana da mai ita." Guda 62 suka tafi a daren. Nawa aka biya shi, har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba.

Kin ga ikon Allah, ɓarnar da na yi ina 'yar shekara tara ita ta hana a rabu da ita. Na rungume 'yar motar nan na yi kuka har maigidana ya shigo ya tsorata, yana tambaya ko wani ne ya mutu. Na rasa yadda zan yi masa bayani. Amarya da lalle a hannu tana kuka a kan motar wasa!

Da na je gida ganin farko, kai tsaye ɗakinsa na nufa. Kabet yana nan, an sa rediyo da kofunan shayi da wasu takardun mota a ciki. Na durƙusa na ajiye motar a gabansa, na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me kika yi?" Na kasa maimaitawa. Ya ɗauke ta ya juya ta, ya hure ƙurar da babu, ya mayar mini a hannu ya ce, "Kowa da jerensa, Uwata. Nawa na sha kallo shekara 25, ya isa. Ki sa ta inda rana ba ta bugu."

Ba zan ce muku kada ku so kayan ɗaki ba, ni ma na so, kuma ɗaki mai kyau abin so ne. Amma samirar nan da na tayar da hankalin gidanmu a kanta, ko shekara goma ba ta yi ba aka daina yayinta. Na rabar da wasu, wasu suka yi tsatsa, babbar cikinsu a yanzu haka ita ce kwanon ruwan kajina. 'Yar autar kaɗai na adana.

Na yi niyyar in mayar masa da abinsa, sai na tarar abin ba sauƙi. Masana'antar Dinky ta Liverpool an rufe ta tun 1979, Lesney ya karye cikin 1982, sunan Matchbox ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa kamfanin Mattel na Amurka cikin 1997, wato masu Hot Wheels, waɗanda fitowarsu cikin 1968 ce ta fara girgiza kasuwar su Matchbox. Ɗan Labanan ɗin kuma ya bar Kano. Irin na Baba sun zama sai a hannun masu ajiya. Sai cikin 2003 maigidana ya je Kwatano ya samo mini 504 a wani kanti, fara sol, a kwalinta. Na kai wa Baba ina rawar jiki. A lokacin ido ya fara yi masa nauyi, ya daina tuƙi. Ya sa tabarau ya kifa ta, ya daɗe yana karantawa, ya ce, "Norev ce. Tawa Dinky ce ta Faransa." Na ji kamar in nutse. Sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Ba ita ba ce, amma 'yar ɗakinsu ce. Miƙo mini makullin can." Ya fitar da kofunan shayi ya sa ta a hawa na sama, a tsakiya.

Kafin rasuwarsa cikin 2009 mun mayar da guda 11. Ni ce mai nema, shi ne mai tantancewa. Na zama 'yar gidan masu dilar kayan wasan gwanjo a Sabon Gari da Ƙofar Wambai, in zauna a kan benci in yi ta tonon buhu, mata suna kallona suna zaton sari nake yi. A cikin roba ɗari da ƙyar ki samu ƙarfe ɗaya na kirki. Shi ya koya mini in fara kifa mota kafin in dubi fuskarta, don a ƙasa ake rubuta sunan maƙera da ƙasar da aka yi ta. Ya koya mini in dubi ƙusoshin da suka riƙe gindin, in an taɓa buɗewa to an sake fenti, kuma tsohuwa da ɗan tabonta ta fi wadda aka yi wa sabuwar kwalliya. Tsofaffin Matchbox na kafin 1969 tayoyinsu ba sa gudu sosai, na bayan nan ne aka sa musu siririn ƙarfe don su yi tsere da Hot Wheels. Yanzu kuma an sake ƙera kwaikwayon tsofaffin Dinky a ƙasar Sin, har da kwali irin na da, kyawawa ne ba laifi, amma in kika kifa za ki ga an rubuta. Sau biyu ina kawo masa abin da ya duba ya ce, "Wannan ki ba yara."

Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi kabet ɗin, har Goggo, da tsufanta, ta ce, "A ba uwarsa, ita ce ta gado haukar." Shi ne wanda baƙi suke gani a ɗakina, na jera tangaran a baya, motoci a gaba. Yau suna 40 cif. Ba na jin zan kai 63, kuma na daina gaggawa.

Kwanakin baya babban ɗana ya nuna mini a wayarsa cewa ana sayar da ɗan mutum-mutumin nan shi kaɗai ta intanet, sabon ƙira, daidai kujerar, kuɗinsa ma ba yawa. Ya ce, "Umma, in sa a kawo miki?" Na karɓi wayar na daɗe ina kallonsa, shi ne sak, har da 'yar bindigarsa. Na ce ya bari tukuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce jikata ta zo, 'yar shekara shida. Na shimfiɗa ƙyallen rawanin, na ɗauko ta zinariya, na ce ta naɗe hannu. Na danna, rufi ya buɗe, kujera ta yi tsalle. Ta yi ihu ta tafa, sannan ta leƙa ciki ta ce, "Hajiya, waye yake zama a nan?"

Na ce, "Wani ne, ya fita tun 1985."

Ta ce, "Ina ya tafi?"

Na ce, "Ya bi rariya."

Ta dube ni ta ga ba dariya nake yi ba, sai ta ce in sake dannawa.